Ina biyan kuɗin maganin sugan Hajiya, Gwaggo kuma na ɗura wa ƙanwata maganin ƙiba

Yayan Amarya, Kano

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiya da iyayenmu mata.

Ni ne babba a ɗakinmu, mahaifinmu kuma Allah ya yi masa rasuwa, saboda haka ɗawainiyar Hajiyarmu a wuyana take. Hajiya mai jiki ce tun muna yara, kuma a wancan lokacin abin tinƙaho ne. In ta shiga gidan biki ƙawayenta har shewa suke: "Hajiya, hutu ya karɓe ki, Alhaji ya iya kiwo." Yau ga ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyi sun ƙi, a kan farar kujerar roba take salla.

Koyarwa nake a makarantar sakandare. Wajen kashi ɗaya cikin uku na albashina a kanta yake tafiya, ba kuma gori nake ba, Allah ya sani, da ina da ninkinsa zan kashe. Akwai allurar insulin, ƙwayar hawan jini, tsinken awon suga, maganin gwiwa. Tun da aka saki naira a 2023 kuɗin nan ya ninka har ya wuce. Sannan akwai ƙananan abubuwan da ba mai sa su a lissafi. Insulin ba ta son zafi, wuta kuma ba ta zama, to kullum sai an sayo ƙanƙara an zuba a kula. Ranar asibiti sai shatar adaidaita, don ba ta iya matsatsi. Ƙanwata mai bi na ta jingine karatunta na shekara guda, saboda dole wani ya zauna da Hajiya.

Ga abin da ya kawo ni. Autarmu za a yi wa aure bayan Babbar Salla. Siririya ce tun haihuwa, dangin Baba ta ɗauko, lafiyarta ƙalau. Sai Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta ce ba za a kai wa mutane amarya kamar sillen kara ba, a ce gidanmu ba a ci a ƙoshi. Aka ɗora ta a kan kunun gyaɗa da madara da suga safe da dare. Shekaranjiya ina neman caja a durowarta sai na ci karo da ƙullin leda, da wasu ƙananan fararen ƙwayoyi ba kwali ba suna, da kwalbar wani maganin ruwa. Na tsare ta, ta ce Gwaggo ce ta aiko, sha-ka-fashe ake ce masa, ta kai wata biyu tana sha. Fuskarta ta cika tam, ga ƙuraje, ga barci ba dare ba rana. Gwaggo kuwa murna take, wai amarya ta fara kyau.

Don Allah mene ne wannan magani? Kuma wanda ya san ainihin abin da ƙiba ke ci wa mutum, na kuɗi da na rayuwa, ya faɗa mini abin da zan iya ajiyewa gaban manya. A gidanmu namiji ba ya sa baki a gyaran amarya, in na yi magana kai tsaye za a ce boko ya sa na raina yayar ubana.

Nas a Zariya

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya saka maka.

Abin da ya fi gaggawa: kada ka ƙwace ƙwayoyin ka zubar, ka ce daga yau ta daina. Ɗauki ledar da kwalbar da yarinyar ku je wurin likita. Ga dalili.

Abin da ake sayar wa mata da sunan maganin ƙiba yawanci haɗin abu biyu ne. Na ruwan galibi cyproheptadine ne, maganin ƙaiƙayi da borin jini, amma yana buɗe ciki yana sa barci. Shi ne barcin da kake gani. Ƙananan fararen kuwa, daga yadda ka kwatanta fuskarta, ina kyautata zaton dexamethasone ne, wanda masu kemis ke cewa dekza. Magani ne mai ƙarfi, muna ba da shi a asibiti yana ceton rai, amma da awo da ƙa'ida. In aka daɗe ana sha, kitse yakan taru a fuska da ƙeya da ciki, hannuwa da ƙafafu kuma su sirance. Yana ɗaga suga, yana ɗaga jini, yana cinye ƙarfin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki, yana rikita al'ada, ya bar nankarwa ja a ciki da cinyoyi. Akwai wani ɗan ƙullutu a saman kowace ƙoda da ke samar wa jiki irin wannan sinadari da kansa. In ana ɗura shi daga waje tsawon makonni, sai ya daina aiki. Ka yanke maganin dare ɗaya, jini na iya faɗuwa mutum ya yanke jiki. A hankali ake rage shi, kuma likita ne ke tsara yadda za a rage.

Ka ƙara da cewa mahaifiyarta na da suga. Ciwon nan yana bin jini, to ita ba yarinyar da za a yi wa wasa da dekza ba ce.

Maganar abin da ƙiba ke ci kuwa, ni ba daga takarda zan fara ba. Ka zo ɗakin kwanciyar mata ka ga ƙafar mai suga. Ɗan tuntuɓe ne ko ƙaya, ba ta ji ba saboda jijiyoyin sun mutu, kafin a ankara ya zama gyambo. Kullum wanki, kullum auduga da bandeji da ruwan wanki, duk majinyaci ne ke sayowa. Wata uku ana abu ɗaya, wani lokacin a ƙare da yanke yatsa ko ƙafar. Ƙarƙashin gadon kuwa za ka ga tabarma a naɗe da kular abinci, na 'yarta ne da ta baro mijinta da yaranta tana kwana a baranda. In ƙoda ta taɓu, ƙa'idar wankin ƙoda sau uku ne a sati, kowane zama wajen awa huɗu. Inda ba tallafi, wankin sati guda ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka tsayar a 2024. Shi ya sa mutane ke zuwa ranar da aka haɗa kuɗi, ba ranar da likita ya ce ba. Na ga an sayar da fili, na ga an sayar da ɗan kunnen zinare.

Tunda amarya ce, ka san wannan ma: mai ƙiba sosai in ta samu juna biyu ta fi shiga haɗarin sugan ciki da hawan jinin ciki, ta fi yawan kaiwa ga tiyata, ɗinkinta kuma ya fi jinkirin kamewa. Ƙiba na cikin abin da ke jinkirta samun cikin ma. Wannan Gwaggo za ta saurara, ko ba ta saurari komai ba.

Ga mai son ya san matsayinsa, ba sai ya je asibiti ba. Tef ɗin tela ya isa. A zagaya ciki wajen cibiya: mace in ta wuce santimita 80, namiji 94, a fara kula. Lissafin da likitoci ke kira BMI kuma, nauyinka a kilo za ka raba da tsawonka a mita, ka sake rabawa da tsawon. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun kai 25 ko sun wuce.

Abba Haɗejia

Ku yi haƙuri, amma ni wannan magana ta 'yan birni ce. Mutane na neman abin da za su sa a baki, ku kuna zancen rage ƙiba? Ku zo ƙauyukanmu ku ga yara. Malam, kai ƙanwarka asibiti, wannan daidai ne, amma a ce ƙiba matsala ce a Arewa, ban yarda ba.

Mai Lissafi, Kaduna

Abba, gaskiyarka rabi. Binciken da Anti Nas ta ambata shi ne ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma ma sun haura rabi. Sai dai abin biyu ba kishiyoyi ba ne, a gida ɗaya ake samunsu: uwa da teɓa, yaro da tamowa. Tuwo da taliya da garin kwaki da mai suna cika ciki su tara kitse, ba sa gina yaro. Kuma yaron da ya tashi cikin yunwa, in ya girma ya shigo birni ya samu shayi mai kauri da lemon roba, ya fi saurin kamuwa da suga da hawan jini. Wanda ka gani yau a ƙauye, shi ne majinyacin Anti Nas nan da shekara talatin.

Malam mai tambaya, alƙaluman duniya suna nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na da ƙiba, kuma in ba a yi wani abu ba asarar za ta kai dala tiriliyan 3 a shekara nan da 2030. Mafi yawan wannan asara ma ba kuɗin magani ba ne, aikin da ba a yi ba ne da mutuwa da sauran ƙarfi. Amma kar ka kai wa Gwaggo tiriliyan, ba zai girgiza ta ba. Abin da ya shafe mu shi ne wa ke biya. A Ingila gwamnati ce ke ɗaukar nauyin asibiti, shi ya sa take tada jijiyar wuya a kan ƙiba. A nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fitowa. Wato kai ne baitulmalin. Shekarar karatun da ƙanwarka ta rasa kuwa babu littafin gwamnatin da ta shiga.

An sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021. A robar rabin lita naira 5 ke nan, wa zai fasa shan lemo saboda naira 5? Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce harajin ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari kafin a ga canji. Meziko ta fara nata a 2014, Afirka ta Kudu a 2018. Ita robar nan kuwa, irin mai giram 10 na suga a kowace mili 100, giram 50 ke cikinta, wajen ƙaramin cokali 12. Iyakar abin da aka ce babba ya sha a wuni guda ke nan, ka shanye shi a tsaye kafin abinci ya iso.

Shawara ta kuɗi: dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, Kano kuma tana da hukumarta ta taimakekeniya, KSCHMA. Tsarin ma'aikata da aka saba yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu, iyaye sai an ƙara su daban. Ka je ofishinsu da kanka ka nemi a yi wa Hajiya rajista, ka kuma tambayi magungunan da ke cikin jerinsu. Ko ƙwayar hawan jini kaɗai ta fita daga wuyanka, an rage.

Maman Ihsan

Na karanta duka, kuma a matsayina na mai jiki akwai abin da zan ce, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Kuna ta lissafin abin da mai ƙiba ke jawo wa danginta. Wa ya lissafa abin da ake yi mata? Ina tsaye bakin titi mai adaidaita zai rage gudu, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ƙara wuta. Wanda ya tsaya ya ce kuɗin mutum biyu. Tela ya ce turmi ɗaya ba zai isa ba, yana murmushi. Na je asibiti da ciwon kunne, kafin a duba kunnen an ce in rage ƙiba. Abin awon jininsu bai zagaye dantsena ba, wata ma'aikaciya ta ɗaga murya ta ce a kawo na manya, layi duk aka juyo. Na fi shekara ban koma awo ba saboda wannan. Mata da yawa haka suke, sai ciwo ya ci ƙarfinsu ake ganinsu, sannan a ce sakaci.

Ni ban taɓa shan ƙwaya ba. Jego ne. Haihuwa biyar, kowacce kwana arba'in a zaune, kunun kanwa da suga kofi-kofi, naman kauri, tuwo da man shanu, in ka ce ka ƙoshi a ce nono ba zai kawo ba. Kafin wannan jikin ya sauka wani cikin ya shiga. Sai a ce motsa jiki. A ina? In fito layi ina sauri, 'yan majalisa su samu abin hirar sati? Wani mijin ma ba zai bari ba. A ce ci kifi da kayan marmari, da wane kuɗin cefanen?

Sannan ku maza, Malam ka yi haƙuri. Gwaggo ba ita ta ƙirƙiro wannan ba. Ta san abin da dangin miji ke faɗa a kan ramammiyar amarya, ta san in mace ta rame a gidan miji cewa ake ba ta da kwanciyar hankali ko tana da wani ciwo. Kare 'yar ɗan'uwanta take, da abin da ta sani. Mazan da ke cewa suna son mai cika ido, su ne bayan haihuwa uku suke cewa mace ta buɗe, su nemo siririya. Daga nan sai a koma wa masu shayin rage tumbi na Instagram da TikTok, mafi yawansu gudawa kawai suke sa ki. An ci kuɗinki wajen hawa, a sake ci wajen sauka.

Abin da ya ɗan yi mini amfani: mu shida a unguwarmu muka nemi izinin shugaban firamare, bayan asuba muna zagaya filin makarantar da hijabanmu kafin yara su zo. Na cire suga a shayi da koko, tuwon dare na mayar da shi rabi, na ƙara kwaɗon zogale da rama. Ban zama siririya ba, ba kuma zan zama ba, amma ina hawa bene ba tare da na tsaya a tsakiya ba.

Ɗan Kwari

Hajiya Maman Ihsan, maganarki dutse. Amma kada a ɗauka abin na mata ne kawai, tumbi ma ado muka ɗauke shi, babbar riga ba ta zama sai da shi.

Maigidana da na tashi a hannunsa a kasuwa, Allah ya jiƙansa, tun safe in ya zauna a shago ba ya tashi sai salla, masallacin kuma taku ashirin ne. Kowane baƙo ya zo a kawo lemo biyu, ɗaya na baƙo ɗaya nasa. Rana masa da miyar taushe, yamma balangu. Yana cikin lissafi da dila sai ka ji minshari, mu yara muna dariya a ɓoye. Ashe numfashinsa ke ɗaukewa cikin dare, barcin ba ya isarsa. Da muka je Hajji tare, Safa da Marwa sai a keke, aka biya mai turawa. Tafiyar ba ta fi kilomita uku da 'yan kai ba, mutumin da a da yake zuwa fatauci har Agadas.

Bai kai sittin ba ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara huɗu a kwance. Kuɗin magani bai karya shi ba, yana da hali. Rashinsa a shago ne ya karya shi. Masu ba shi kaya bashi don fuskarsa suka janye, waɗanda yake bi suka yi lamo, yara suka yi yadda suka ga dama. Mata biyu, 'ya'ya sha huɗu, aka ciro ƙananan daga makarantar kuɗi. Mu da muke ci a ƙarƙashinsa mun fi goma, kowa ya kama gabansa. Hadisin nan na Tirmizi duk mun haddace shi, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, a wa'azi muke jinsa mu tafi walima.

Malam, batun Gwaggo. Kar ka tunkare ta, kar kuma ka aika matarka, abin zai zama na surukai. Hajiya ce za ta yi maganar. Ka zauna da ita ku biyu, ka faɗa mata abin da Nas ta ce, ita da ke soka wa kanta allura safe da yamma ba sai an yi mata dogon bayani ba. In Hajiya na jin nauyin yayar mijinta, a nemo babba namiji a dangin mahaifinku, a ce likita ne ya hana. Gwaggo ta samu mafita ba tare da an ce ta yi laifi ba. Ka kuma kai mata turmin atamfa na fitar biki.

Yayan Amarya, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Ihsan, na ji, kuma zan kiyaye harshena a gaban Hajiyarmu. Alhaji, hanyarka zan bi. Anti Nas, in an rage maganin fuskar za ta koma? Ita abin da ke damunta ke nan, kada ta zube ana saura kwanaki biki. Ita Hajiya kuma, a shekarunta akwai amfanin rage nauyi, ko lokaci ya wuce?

Nas a Zariya

Za ta koma, amma a hankali, makonni zuwa watanni bayan an gama janye maganin. Nankarwa in ta fito takan dushe ne, ba ta ɓacewa duka. Ka gaya mata gara ta shiga ɗakinta da jikinta na gaskiya, don mai shan dekza ko dai ta ci gaba da sha a ɓoye a gidan miji, ko ta zube a gabansa.

Hajiya lokaci bai wuce ba, kuma ba a neman ta rame. Kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyi ake magana, mai kilo 100 ta sauke 5 zuwa 7. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, masu dab da kamuwa da suga da aka ɗora a kan rage kimanin haka da tafiyar minti 150 a sati, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga wadda ta riga ta kamu, suga da jini sun fi saituwa, kuma duk kilo ɗaya da ya sauka gwiwa na samun sauƙin wajen kilo huɗu a kowane taku. Sai dai tunda tana kan insulin, kada a rage mata abinci ba da sanin likitanta ba, suga na iya faɗuwa, wannan kuma ya fi hawansa saurin kisa. A duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kowane dare, kada ta taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida.

Hajiya Maman Ihsan, abin da aka yi miki a layi ba daidai ba ne, kuma ƙaramin abin awo a babban dantse ƙarya yake bayarwa, yana nuna jini ya hau fiye da yadda yake. Haƙƙinki ne ki ce a kawo babba.

Malam, ita amarya ku je da safe kafin ta karya, don a auna suga a kan yunwa. Ta faɗi ranar da ta fara da ko guda nawa take sha a wuni, kada ta rage saboda kunya. In tana shafa man bilicin a tafi da shi ma, da yawansu akwai dangin wannan sinadarin a ciki.